Jirgin sama ƙirar hannu da zafin bazara: batun sanyaya man inji

Kowane makaniki a Dakoro ya san abin da watannin Afrilu da Mayu suke yi wa inji. Zafi yakan wuce digiri 40. Mota ta taso daga Maraɗi, tun ba ta iso ba lagireto ya soma tafasa. Sai direba ya ratse gindin itace, ya buɗe murfin inji, ya jira ta huce. Matuƙin jirgin sama kuwa ba shi da gindin itacen ratsewa. Saboda haka duk saurayin da ke sha'awar ƙera jirgi da injin mota, wajibi ne ya soma da tunanin inda zafi zai fita.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarar 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsohon injin Honda Civic, har ya ɗaga kamar mita 2 daga ƙasa. Kafin nan, a Kaduna an harhaɗa jirage 60 masu suna Air Beetle don koyar da sojan saman Najeriya, bisa fasalin RV-6A, jirgin da mutane ke haɗawa da hannunsu a gidajensu a Amurka.

A can Amurka ne wasu maƙera, kamar Tracy Crook na jihar Florida, suka ɗora wa irin waɗannan jirage injin Mazda 13B. Wannan inji ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin ƙwarya, dabarar Bajamushe Felix Wankel, wadda aka fara gwadawa a kamfanin NSU a 1957. Ga shi ƙarami, ga ƙarfi, ba ya yawan jijjiga. Sai dai kowane allazi da nasa amanu.

Ruwa yana zagaya ƙwaryar ne kawai. Ƙarfen da ke juyawa a tsakiya, wanda wuta ke lasa ta kowane gefe, ba abin da ke ratsa cikinsa sai man inji. Masu aikin sun ƙiyasta kusan kashi ɗaya bisa uku na zafin da ake fitarwa mai ne yake ɗauke da shi. Ke nan man yana da nasa lagireton dabam, kuma ba na ado ba ne. Ana so kada man da ke komawa cikin inji ya zarce digiri 100 da yawa. In ya zarce, sai ya tsinke kamar ruwa, robobin da ke tare shi su ƙone, ƙarfe ya soma cin ƙarfe.

Nan ne lissafin ƙasarmu ya bambanta. Idan mai yana digiri 100, iska tana 20, tazarar da ke janye zafi digiri 80 ce. Ranar da iska ta kai 45, tazarar ta koma 55, wato kusan sulusi ya tafi. Lagireton da ya wadatar a ƙasar sanyi ba zai wadatar a Dakoro ba. Ƙari a kan haka, iska mai zafi ba ta da nauyi, sai jirgi ya daɗe yana hawa, alhali lokacin hawa ne inji yake ba da ƙarfinsa duka, gudu kuma kaɗan ne, iskar da ke shiga ba ta da yawa.

Girman lagireto kaɗai ba ya raba gardama. Iska kamar ruwan fadama take, inda ya fi sauƙi nan take bi. In aka rataya lagireto a fili, sai ta kewaye shi ta wuce. Don haka ake yi masa hanya: ƙaramin baki a gaba, bayan farfela, wanda ke buɗewa sannu sannu har ya kai faɗin lagireton, a toshe kowace kafa ta gefe, sa'an nan a bar mafita a baya wadda ta fi mashigar faɗi. Mafitar nan ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali iskar da ba ta sami hanyar fita ba tana hana wata shiga.

Sauran aikin na hattara ne. Ana ɗaure lagireton a kan roba don kada jijjiga ta tsaga shi. Tiyon mai sai wanda aka yi domin matsi da zafi, a nisanta shi da bututun hayaƙi, wanda a wannan inji yakan yi ja wur. Tiyo ɗaya ya fashe, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, wataƙila har da gobara. Lagireton da aka kwance daga injin da ya buga kuwa, ko an wanke shi, garin ƙarfe yakan maƙale a ciki, ya koma ya ɓata sabon injin. A kasuwar kayan gwanjo, arha ba ta faɗin tarihinta.

Kafin a tashi, ana ɗaure jirgin a ƙasa, a ba shi wuta, ido a kan agogon zafin mai, kuma da tsakar rana ake gwajin, ba da sanyin asuba ba. In hunturu ya shigo, ƙura takan cika ramukan lagireton, sai an riƙa busa ta da iska daga baya zuwa gaba.