Ko Ka Sani? Tsohon Injin Kwale-kwale Na Iya Dafa Batirinsa

A tafkunan Amurka da Kanada, har gobe ana ganin kwale-kwale ɗauke da injin Evinrude ko Johnson ko Mercury ƙirar shekarun 1970 da 1980. Kamfanin OMC da ya ƙera Evinrude da Johnson ya durƙushe a shekarar 2000, an kuma daina ƙera Evinrude gaba ɗaya a 2020, amma tsofaffin injinan suna nan suna tsaga ruwa.

Mai irin wannan inji kan sha mamaki ranar da ya fara ɗora mita a kan batir. Inji na kashe, mita ta nuna bolt 12.6, lafiya ƙalau. An tayar, ta ɗan ɗaga zuwa 13. Da aka ba shi wuta aka miƙa cikin tafki, sai ga 15, ga 16, wani lokacin har 17. Da a mota ne, rewaya zai ce a kashe nan take, domin cajin mota bai cika wuce 14.4 ba. A nan kuwa sau da yawa babu abin da ya lalace. Haka aka ƙera injin.

Sirrin yana ƙarƙashin faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a saman inji. An manna maganaɗisu a cikinsa, a ƙasansa kuma akwai kwayil na wayar tagulla. Duk juyin da faifan ya yi, kwayil na haifar da wuta mai kai da komowa, irin wadda batir ba ya karɓa. Sai a bi da ita ta wata 'yar na'ura, raktifaya, wadda ke miƙar da ita ta fuska ɗaya. Iyakar aikinta ke nan. A injinan zamani akwai ragileta da ke tsayar da caji idan batir ya cika, amma ƙanana da matsakaitan injinan wancan zamani da yawa ba su da ita. Gudu ya ƙaru, wuta ta ƙaru.

Maƙeran ba sakaci suka yi ba. Wutar da kwayil ɗin ke bayarwa kaɗan ce, amfiya 6 zuwa 10 a yawancinsu, batirin zamanin kuma mai murfi ne, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa. Shi ne ke shanye rarar. Idan ya cika, wutar da ta ci gaba da shigowa sai ta koma raba ruwan cikinsa gida biyu, iskar haidurojin da ta oksijin. Mai jirgi ya riƙa duba ruwa yana cikawa, shi ke nan an zauna lafiya.

Lissafin ne ke tayar da hankali. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne da shi, kuma yana fara fitar da iska sosai da zarar caji ya kai kusan 14.4. Idan cikakken batir ya sha amfiya 6 na awa guda, duk ta tafi wajen raba ruwa, zai yi asarar kusan mililita 12 na ruwa, ya saki kusan lita 15 na haidurojin. Ita kuwa wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Lita 15 ɗin nan ta isa ta mayar da lita 375 na iska abin tsoro, wato fiye da cikin akwatin da ake ajiye batir nesa ba kusa ba. Ga kuma tankin fetur sau da yawa a gefe. Haidurojin sama take tashi, tururin fetur kuma ƙasa yake kwanciya, don haka akwatin batir yake bukatar kafar iska ta sama.

Batirin da ake dafawa yana da alamu: jikinsa ya yi zafi, gefensa ya kumbura, asid ya tsatso a murfi, ko a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ruwa ya ja baya har farantan dalma suka fito fili, ƙarfinsa ya tafi ke nan.

Rikicin ya ƙaru ne da batira suka sauya, injinan ba su sauya ba. Rufaffen batir irin AGM ko mai kaurin ruwa kamar kamu ba a ƙara masa ruwa. Duk iskar da ya hurar ta tafi har abada, ya bushe a hankali. Na litiyum kuwa yana da na'urar kariya a cikinsa da ke yanke caji da zarar ya wuce kusan 14.6. Tana yankewa, wutar kwayil ta rasa inda za ta, ta yi tsalle, ta ƙona raktifaya, wani lokacin har da rediyo da na'urar gano kifi da ke kan layin.

Irin wannan ɓarnar ce ke faruwa idan kan batir ya kwance inji na aiki. Notin nan mai fukafukai da ake ɗaurewa da yatsa yana saki saboda jijjigar ruwa, shi ya sa bakanike ke cewa a sa noti na gaske a ɗaure da sifana. Juya waya, a sa ja a wurin baƙa, ko na ƙiftawar ido ne, yana kashe raktifaya. A injina da yawa agogon da ke nuna gudun inji daga wannan kwayil yake samun saƙo, saboda haka idan allurarsa ta fara rawa ko ta kwanta, wajen caji ake fara dubawa.

Maganar ta shafi masunta da masu fito a Yawuri da Tafkin Chadi, inda Yamaha Enduro ke tashe. Yawancin injinan can da igiya ake tayar da su, ba da batir ba, amma duk wanda aka jona wa raktifaya zalla domin cajin batirin fitila ko waya, ya shiga layi ɗaya da mai tsohon Johnson.

Gyaran ba wuya. Ana sayar da na'ura mai haɗe da raktifaya da ragileta da ke dacewa da yawancin tsofaffin injina, tana tsayar da caji a kusan 14.4. Wanda bai samu ba yakan zauna a kan babban batir mai murfi, ya riƙa cika shi da tataccen ruwa, ban da na rijiya ko na kogi, ya kuma kunna fitilu a doguwar tafiya don su sha rarar wutar. Gwajin kansa minti biyar ne: a ɗora mita a kan batir bayan an yi tafiya ya cika, a ba inji wuta, a ga ko lamba za ta tsaya a 14 da ɗoriya ko za ta ci gaba da hawa.