Indararon da ke saman kanka: gidan sauro da damina, abincin wuta da hunturu

Maganar wannan mako ta fi shafar 'yan uwanmu mazauna Kurmi, musamman masu zama da kasuwanci a Anacha da Inugu da Fatakwal, kodayake na Kano da Zariya ma, in dai rufin kwano ne a kansu, ba za su rasa abin ɗauka ba.

Mai karatu, yaushe rabonka da leƙa cikin indararon gidanka ko na shagonka? Ba kwatar ƙasa nake nufi ba, wadda ake yashewa ranar tsaftar muhalli. Ina nufin doguwar magudanar nan ta kwano ko ta roba da ke bin bakin rufi tana tattara ruwan sama, ta kai shi duro ko tanki, ko ta zubar a ƙasa.

Mu da muka tashi a Arewa, indararon da muka sani gajere ne. Ɗan bututu ne ya leƙo daga soro, ruwa ya sauka ya watsar da shi waje, rana ta fito ta busar da shi kafin la'asar. Ba ya ajiye komai, shi ya sa ba wanda ya taso da al'adar share shi. A Kudu abin ya sha bamban. Damina na kamawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗauke ƙafa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ga lissafi mai sauƙi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin ɗan shago mai mita 3 a mita 4 yana kwarara lita 24,000 a shekara, kusan jarka 960 mai cin lita 25. Duk wannan ruwa ta indararo yake bi, yana tafe da ganyen mangwaro, da ledar fiya wata da iska ta ɗauko, da ƙura, da kashin tsuntsu da na ƙadangare.

A kasuwanni irin Kasuwar Relief da ke Anacha, inda shaguna ke jere kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa indararo ɗaya ne tsakanin rufi biyu ko ya ratsa layi guda. Na kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne. Ganye ya toshe bakin bututun, laka ta kwanta, ruwa ya tsaya sama da kan mutane, inda ido ba ya kai wa.

A nan aikina ya shigo. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kanta a shagon magani ya san magidancin da ke dawowa kowane wata da magana ɗaya: "A ba ni na maleriya da taifot." An sa gidan sauro, an share tsakar gida, an kifar da tsofaffin tayoyi, amma zazzaɓi bai bar gidan ba. Sauro iri-iri ne, kuma kowanne da inda yake son yin ƙwai. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda masana ke kira Anofilis, ya fi son ruwan da ya kwanta a ƙasa rana na dukansa, kuma da dare yake cizo. Mai kukan nan da ke hana barci ya fi son kwata mai ɗoyi. Akwai na uku, ɗan baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ake kira Edis. Shi da rana yake cizo, da hantsi da kuma yamma, lokacin da ba wanda ke cikin gidan sauro, kuma ba abin da yake so kamar ɗan ruwan da ya taru a mazubi da ruɓaɓɓen ganye a ciki: gwangwani, taya, duro, indararo. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Abin da ya fi ban haushi, ƙwansa na manne wa jikin kwano ya jure bushewa wata da watanni, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe.

Dangin wannan sauro ne ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi. Ba labarin nesa ba ne: a watan Nuwamban 2020 shawara ta ɓarke a jihohin Inugu da Delta, aka yi asarar rayuka, kuma cibiyar gwamnatin tarayya da ke binciken irin waɗannan ƙwari a garin Inugu take. Saboda haka uwargida, idan yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai ta bayan ido, da ciwon gaɓoɓi, aka yi gwajin maleriya bai nuna komai ba, kada ki ce a ƙara wani maganin maleriyar. Kada kuma ki ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, domin in dengi ce suna iya jawo zubar jini. Farasitamol daidai nauyinsa, ruwa da yawa, sai asibiti. In ido ya yi rawaya ko dasashi ya fara jini, ba a kwana a gida. Rigakafin shawara kuwa kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi, ana yi wa yaro yana wata 9, kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Babban da bai taɓa yi ba, musamman mai zirga-zirga tsakanin Arewa da Kurmi, ya je ya tambaya.

Sai ɓera. Indararon da ya cika da busasshen ganye shimfiɗa ce gare shi, kuma hanya ce da zai bi daga shago zuwa shago ya faɗa cikin silin. Mai hawa rufi galibi baƙin ɓeran nan ne mai dogon bindi. Wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wani ne daban mai nonuwa da yawa, ya fi zama a ƙasa da ramuka, yana shigowa gida da rani neman abinci. Amma wa zai tsaya ƙirga nonon ɓera da tsakar dare? Jihar Ebonyi, maƙwabciyar Inugu, tana cikin inda Lassa ta fi yin ɓarna, kuma ko baƙin ɓeran fitsarinsa na ɗauke da wata cuta mai kama ƙoda da hanta. Duk abin da ya zubar a kan rufi, ruwan sama zai wanko shi zuwa duron da ake alwala da wanke kwanuka, wani gidan ma har da sha.

Ina roƙonku da babbar murya: kada a zuba shinkafar ɓera ko fiya-fiya ko Sniper a kan rufi ko cikin indararon da ake tarar ruwansa. Gubar cikin duro za ta ƙare, ɓeran da ya ci kuma a cikin bututu zai mutu ya ruɓe.

Da hunturu kuma indararon ya juye ya zama wani abu. Ganyen da ya sha ruwa wata bakwai ya bushe ƙamas, yana kwance daidai ƙarƙashin bakin kwano, kusa da katakon rufi. Lokacin ne ake ƙona shara, ake cinna wa daji wuta don farautar gafiya da share gona, abin da mazauna gefen Inugu ke gani a kan tsaunuka kowace shekara. Tartsatsi ɗaya iska ta ɗauko, ko daga murhun mai tsire ko mai shayi, ya isa. Zan faɗi gaskiya, yawancin gobarar kasuwanninmu daga wayar lantarki da janareto da ajiyar fetur take tashi, kuma ba ragar da za ta hana wannan. Gobarar 16 ga Oktoban 2019 da ta ci Kasuwar Ochanja a Anacha tankar mai ce ta faɗi a Upper Iweka, man ya bi kwata wuta ta bi shi. Amma idan wuta ta riga ta kama a layin da ke bayanka, abin da ke sa ta tsallako rufinka shi ne ta sami abin ci a can sama. Mutanen Ostireliya, waɗanda wutar daji ta yi wa mummunar ɓarna a 2019 zuwa 2020, sun daɗe da gano cewa yawancin gidajen da ke ƙonewa tartsatsi ne ke kama su, ba harshen wutar ba. Shi ya sa ƙa'idar gininsu a yankunan haɗari ta ce a toshe kafofin da tartsatsi zai shiga da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ba.

To wannan ragar ita ce shawarata, kuma ba sai an yi odarta daga waje ba, masu sayar da kayan gini na da ita. Ana shimfiɗa ta a kan bakin indararo, gefe ɗaya a cusa ƙarƙashin kwano, ɗayan a ɗaure da kusoshi ko waya a leɓen indararon, a ɗan karkace yadda ganye zai zame ya faɗi ƙasa. Inda ake yin kuskure shi ne wajen zaɓe. Ragar roba ta taga ba ta da amfani a nan: rana ta gasa ta ta farfashe, ɓera ya cinye ta, wuta ta narkar da ita. Ragar kejin kaji kuma idonta ya yi faɗi, ɗan ƙaramin ɓera na kutsawa ta kafar da ba ta fi kaurin fensir ba, wajen milimita 6. Ka nemi mai ido kusan milimita 2, ita ke tare ganye da ɓera da tartsatsi gaba ɗaya. A bakin duro ko tanki, da bututun da ruwa ke fita in ya cika, a sa mai ido milimita 1, domin ita ce sauro ba ya iya ratsawa. Kada ka ce bari ka sa wannan mai laushin a kan indararon duka. Ƙura za ta liƙe ta, balle a Fatakwal inda baƙin hayaƙin nan ke sauka a kan rufi tun 2016, ruwa mai ƙarfi ya zo ya bi ta kanta ya zuba a ƙofar shago.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne. Kowa ya ga yadda kwano ke saurin tsatsa a yankin Neja Delta. Ragar waya ta gama-gari ba ta daɗewa a can, gara ta alminiyam ko wadda ba ta tsatsa da masu walda ke kira sitenles. In rufinka alminiyam ne, ka sa ta alminiyam, domin ƙarfe iri biyu in suka haɗu cikin danshi ɗaya na cin ɗaya.

Abin da na fi so ka riƙe: raga a kan indararo mai datti ta fi rashin raga muni. Sauro zai ratsa milimita 2 ya yi ƙwai a ruwan da ke ƙasa, kai kuma ka saki jiki tunda ba ka gani. A fara kwashe lakar tas, a goge jikin kwanon da buroshi saboda ƙwan da ya manne, sannan a zuba bokitin ruwa a ƙarshen indararon a tsaya a kalla. In ruwan ya wuce duka, madalla. In ya kwanta a tsakiya, indararon ya lotsa, sai kafinta ya ɗaga shi ya gyara gangarensa kafin a rufe. A bar wani sashe na ragar da za a iya buɗewa, domin ko da raga sai an duba sau biyu a shekara: in damina ta ɗauke wajen Nuwamba, da kuma Fabrairu kafin ruwan farko.

Mai yin aikin ya sa safar hannu da takunkumi, ya yayyafa ruwa kafin ya taɓa busasshen kashin ɓera don kada ya shaƙi ƙurar. A riƙe masa tsani, ya kula da wayoyin wuta da ke ratsa rufin kasuwa kamar yanar gizo-gizo, kada kuma ya taka tsohon rufin asbestos, fashewa yake yi. Ba aikin yaro ba ne, ko ɗanka ko yaron shago ko almajiri. Wanda tsohon kwano ya yanka ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus a ranar.

Na san da yawanku haya kuke, kuma mai gida ba ya son jin maganar kashe kuɗi. Ku nuna masa ta inda abin ya shafe shi: indararon da ya toshe shi ke mayar da ruwa cikin silin, ya ruɓar da katako, ya jiƙa bango. A kasuwa kuwa aikin mutum ɗaya ba ya isa, tunda sauron maƙwabci bai san iyakar shago ba. Magana ce ta shugaban layi da ƙungiyar 'yan kasuwa, a unguwa kuma ta Sarkin Hausawa da limamai, a yi karo-karo a ɗauki kafinta ɗaya ya bi layin daga farko har ƙarshe. Rufin masallaci da na Islamiyya, inda aka fi tara ruwan alwala, su ya kamata a fara da su.

Game da ruwan kansa, raga na tare ganye ne, ba ta tare ƙwayar cuta. Ruwan farko na damina, da na mintunan farko bayan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, a kawar da bututun a bar shi ya zube, shi ke wanko dattin rufi. Wanda aka tara don sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsaftace ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. A Fatakwal kuwa, inda baƙin hayaƙi ke kwanciya a rufi, tafasawa ba ta cire shi, wannan ruwan a bar shi ga wanki da shara.