Kafin a Shiga Karatun Digiri na Uku: Neman Gurbi, Malami Mai Dubawa da Manazarta

Digiri na uku, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir, ya bambanta da duk karatun da ya gabace shi ta fuska guda. A digiri na farko da na biyu ana auna ɗalibi ne da yawan abin da ya fahimta daga ilimin da aka riga aka tara. A na uku kuwa ana so ya kawo abin da babu shi a fagen, komai ƙanƙantarsa, ya rubuta shi a kundi, sannan ya tsaya gaban masana ya kare shi. A ƙa'idar jami'o'in Najeriya, mafi ƙarancin lokacinsa shekara 3 ne ga mai karatun cikakken lokaci, amma ba baƙon abu ba ne a ga wanda ya shafe shida ko bakwai. Galibi ba ƙarancin basira ke jawo wannan jinkiri ba. Tushensa yana cikin shawarwarin da aka yanke da gaggawa a watannin farko.

Matakin farko shi ne takardu. Kowace jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ta Bayero da ke Kano ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tana da makarantar karatun gaba da digiri na farko, kuma ta nan ake sayar da fom a shafin intanet. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar na sakandare, digiri na farko, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, digiri na biyu wanda aka rubuta kundi a cikinsa, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san aikin mai nema. Jami'o'i da dama suna sa sharaɗin matsakaicin maki 3.5 cikin 5 a digiri na biyu. Wanda bai kai ba akan tura shi matakin M.Phil tukuna. Akwai kuma tarkon da ke kama ma'aikata: digiri na biyu na sana'a, irin su MBA da MPA, ba kasafai ake karɓarsa kai tsaye don shiga na uku ba, ko da makinsa ya yi kyau.

Takardar da ta fi ɓata lokaci ita ce tiransikirif, wato cikakken sakamakon darussa. Ba a hannu ake kai ta ba. Tsohuwar jami'a ce ke aika ta ga sabuwa, kuma tana iya yin watanni a hanya, har a rufe tantancewa ba ta iso ba. Mai hankali yakan nemi a aika ta tun kafin ya sayi fom. Haka nan saɓanin suna, a ce Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko sunan gari ya bayyana a nan ya ɓace a can, yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu tun da wuri.

Mai son fita waje yana da ƙarin nauyi. A Ingila da Jamus, alal misali, yawanci sai an sami farfesan da ya amince zai duba aikin kafin a cika fom, kuma akan nemi jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL. Hanyoyin tallafi sanannu ne: na Commonwealth, na DAAD ta Jamus, da na PTDF ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati ne kaɗai, kuma ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga farkon 2025. A hanyar neman karatu a waje ce 'yan damfara suka fi yawa. Duk dillalin da ya yi alkawarin digirin dakta cikin shekara guda, ko ba tare da bincike ba, takardar banza yake sayarwa. Bayan wani ɗan jaridar Najeriya ya bankaɗo yadda ya sami digiri a Kwatano cikin makonni 6, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance shaidar digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024, lamarin da ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta san jami'ar idan ta cikin gida ce, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kuma za ta karɓi shaidarta idan ta waje ce.

Sai batun da za a yi bincike a kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko fage gaba ɗaya a ce shi ne batu. "Matsalolin ilimi a Arewacin Najeriya" taken taron ƙara wa juna sani ne, rayuwar mutum ɗaya ba ta isa a bincike shi ba. Batun kundi yana da iyaka ta wuri, ta zamani da ta tambaya: wace matsala, a waɗanne makarantu, tsakanin waɗanne shekaru, kuma da wane ma'auni za a auna ta. Ana gano irin wannan batu ne ta hanyar bitar ayyukan da suka gabata, har a ga giɓin da ba a cike ba. A Najeriya wannan bita ba ta kammaluwa a intanet, domin kundaye masu yawa suna nan a kan kanta a ɗakunan karatu na sassa, ba a taɓa ɗora su a ko'ina ba. Ɗalibin tarihi da bai leƙa Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ba, ko ɗalibin Hausa da bai bi kundayen Zariya, Kano da Sakkwato ba, yana iya shekara biyu a kan aikin da wani ya gama tuntuni. Dole kuma a auna batun da aljihu. Binciken da ke buƙatar na'urar da babu ita a ƙasar, ko zirga-zirga a yankin da babu tsaro, kyawunsa a takarda ba zai kai shi ga kammaluwa ba.

Babu abin da ya kai malami mai duba aiki tasiri a wannan tafiya. A yawancin jami'o'i akan naɗa kwamiti na mutum biyu ko uku, ɗaya shi ne babba, kuma babu babin da zai wuce zuwa semina sai da sa hannunsu. Ɗalibai sukan yi rububin shahararren farfesa, suna ganin sunansa zai ɗaga kundin. Sau da yawa shahararren shi ne wanda ya fi kowa ɗalibai, ga muƙamin shugabanci, ga tafiye-tafiye, sai babi ɗaya ya yi wata huɗu a kan teburinsa. Malami mai matsakaicin suna da ke karanta aiki cikin mako uku ya fi amfani nesa ba kusa ba. Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a nemi malami ba su da wuya, kuma tsofaffin ɗalibansa ne ke da amsarsu: mutum nawa suka gama a hannunsa, cikin shekara nawa, yana rubuta gyara ko da baki yake yi, saura shekara nawa ya yi ritaya, yana shirin tafiya hutun bincike ko a'a. Farfesa a jami'ar Najeriya yana ritaya ne a shekara 70, kuma sauya mai dubawa a tsakiyar aiki kan mayar da hannun agogo baya, don sabon yana iya zuwa da nasa ra'in.

Tarbiyyar girmama malami, wadda abin yabo ce, takan zama cikas a nan idan ta koma kunya. Ɗalibi ya miƙa babi, wata uku shiru, amma ya kasa tuntuɓa don kada a ce ya yi rashin ladabi. Ko kuma a ba shi gyaran da bai gane ba, ya ce "to, ranka ya daɗe" ya fita. Tunatarwa cikin ladabi ba raini ba ce. Abin da ke kare kowa shi ne a riƙa rubuta abin da aka tattauna bayan kowane zama, da kwanan wata, a aika wa malamin ta imel. Idan masu dubawa biyu suka saɓa, ba aikin ɗalibi ba ne ya riƙa kai maganar wannan ga wancan; ya roƙi a zauna tare a yanke. In kuwa lamari ya kai ga neman kuɗi, ko matsa wa ɗaliba da neman lalata, akwai jami'in kula da karatun gaba na sashe, shugaban sashe da shugaban makarantar karatun gaba, kuma ƙorafi a rubuce da hujja ya fi tasiri.

Akwai jinkirin da ba laifin kowa ba ne a sashen. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 kuma wata 8, kuma a irin wannan lokaci ba semina ba kare kundi. Ma'aikacin gwamnati da ya ɗauki hutun karatu na shekara 3 ya kamata ya san da wannan, haka ma batun kuɗin rajista da ake sabuntawa kowace shekara. Wanda bincikensa ya shafi marasa lafiya ko bayanan mutane kuma sai ya sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ya fara tattara komai, domin bayanan da aka tara ba izini ana iya watsi da su.

Manazarta ce ɓangaren da ake rainawa, kuma ita ce ke tona asirin ɗalibi a gaban mai jarrabawa na waje. Hikimarta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san isnadi a ilimin hadisi: magana tana samun ƙarfi ne idan an san daga wa ta fito, kuma wani zai iya bin sawunta. Salon rubuta ta ya danganta da fage. Ilimi da kimiyyar zamantakewa sun fi bin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, adabi yakan bi MLA, tarihi ya fi son salon Chicago mai bayanin ƙasan shafi, likitanci kuma salon Vancouver mai lambobi. Littafin ƙa'idojin makarantar karatun gaba shi ne alƙali, kuma ba a gauraya salo biyu a kundi ɗaya. Duk sunan da ya fito a cikin rubutu dole ya fito a jerin ƙarshe, duk wanda ke jerin kuma dole a same shi a ciki.

Aikin yana sauƙi ne idan an fara shi ranar farko. Manhajar Zotero kyauta ce, akwai kuma Mendeley, suna ajiye bayanin kowane littafi su jera shi da salon da ake so. Wanda ya bari sai ƙarshe zai tarar da tsakure a littafin rubutunsa ba lambar shafi, ba ya kuma tuna ko kalmominsa ne ko na wani. Masu aiki da rubutun ajami, littattafan Larabci ko hira da dattawa suna da ƙarin kula: a rubuta inda rubutun yake ajiye da lambarsa, a nuna ko shekarar bugu ta Hijira ce ko ta Miladiyya, a kuma ajiye sunan wanda aka yi hira da shi, shekarunsa, gari da kwanan wata.

Satar fasaha ba ta tsaya ga kwafe shafi sukutum ba. Sauya 'yan kalmomi a jimlar wani, ko fassara aikinsa daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ba tare da ambatonsa ba, duk sata ce. Jami'o'i da yawa yanzu suna bi da kundi ta manhajar Turnitin, amma ita kamanceceniyar kalmomi kawai take nunawa, ƙaramin kaso ba shaidar tsarki ba ne. Laifin kuma ba ya tsufa. Ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa, a 2013 kuma ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ta rasa nata kan kundin da ta rubuta tun 1980. Sabon haɗari shi ne manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙirƙiro sunan marubuci, take da mujalla da babu su a duniya. Madogarar da ɗalibi bai buɗe ya gani da idonsa ba, bai kamata ta shiga kundinsa ba.

Jami'o'i da dama suna kuma sharɗanta buga maƙala ɗaya ko biyu daga kundin kafin a ba da damar kare shi, kuma mujallun bogi sun san da wannan matsi. Alamarsu ita ce saƙon imel na gayyata, alkawarin bugawa cikin mako guda, da neman kuɗi kafin wani masani ya karanta aikin. Maƙalar da ta faɗa hannunsu ta salwanta, domin sashe na iya ƙin ƙirga ta, mujallar kirki kuma ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba. Ana tantance mujalla ta hanyar duba sunanta a rumbunan Scopus, DOAJ ko AJOL, sannan a tambayi sashe jerin mujallun da yake amincewa da su kafin a aika.