Hattara da Kwangilar Bayan Ambaliya

Jama'ar Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi, Tsanyawa da Minjibir, ku saurara tun kafin a sa hannu a takarda. In ruwan Agusta ya gama ɓarnarsa, wata ɓarnar tana biye da shi, ita kuwa a mota take zuwa. Ina nufin kwangilar gyara da ake rabawa a gurguje, ba tare da an duba hannun da aka danƙa wa ba.

Kwalbati ta karye, hanyar kasuwa ta yanke, ajin firamare ya rufta. Sai a ce abin na gaggawa ne, babu lokacin tallata aiki. Da wannan uzurin ake ba wanda bai taɓa zuba kankare ba, a biya shi kafin alƙalami, ya sauke tifa biyu ta yashi, a ɗauki hoto, daga nan sai labarinsa.

Yankinmu ba ya jure irin wannan ganganci. Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, babu dajin da ruwa zai bi ya ɓace. Duk ruwan da aka kautar daga ƙofar wani, gonar wani zai faɗa. Ɗan kwangilar da ya binne ƙaramin bututu a inda ake buƙatar kwalbati mai baki biyu ya mayar da hanya madatsa: ruwa ya taru a bayanta, ya kwanta a kan gero da gyaɗa har saiwa ta ruɓe, maƙwabta su kwana suna shari'a a gaban dagaci a kan laifin da ba nasu ba. Wanda kuma ya haƙi marmara a bakin gari ya tafi bai cike ramin ba, kududdufi ya bar wa yara da sauro. Dattawa ba su manta fashewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, kowa kuma ya ga yadda dam ɗin Alau ya yi da Maiduguri a Satumbar 2024. Mazauna ƙasan madatsun ruwa na Tomas da Gari da Watari su fi kowa sa ido a kan mai taɓa aikin ruwa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko ana jan ƙafa wajen aiwatarwa, hukuncin ya nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Ku tambayi kansila da ciyaman sunan kamfanin da aka ba aikin, a duba rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da waya ma ana yi. Kamfanin da aka yi wa rajista bayan saukar damina, ai kun san don me aka haife shi. Injiniyansa yana da rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN? Abin da ya fi takarda shi ne a nuna muku aikin da ya yi a baya, wanda ya ga damina biyu, ku tura matasa da magini su je su gani da ido. A kafa allo mai sunan kamfani da wa'adin aiki, kuma kada a biya mataki na gaba sai na baya ya tsaya.

Sai batun tallafi. Agajin hukumomin ba da agajin gaggawa na SEMA da NEMA ba a sayen fom ɗinsa. Duk wanda ya zo da sunan wakili yana karɓar kuɗin rajista, ko yana neman lambar sirrin katinku ko wadda banki ya turo a waya, ku kai shi gaban mai unguwa. Ku ɗauki hoton ɓarna kafin ku kwashe ƙasa. A karanta jerin sunayen masu samun tallafi a bainar jama'a, domin a nan ake cusa waɗanda ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, a tsallake matar da mijinta ya rasu, da manomin da ya noma gonar aro ko ta jingina, alhali shukarsa ce ta nutse.

In an ƙi ba ku amsa, ku rubuta ƙorafi da sa hannun mutanen gari zuwa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ku riƙe kwafi, kuma ku kai shi kafin a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe.