Kira Magini Kafin Ka Kira Dillali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wanda ya san Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san ƙasar gulbi ce da fadama, ga kuma madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Gida a irin wannan ƙasa yakan yi kyau da rani, damina ce ke tona asirinsa: danshi ya ci gindin katanga, gara ta cinye azara, soro ya yi yoyo. Sai ka ga ɗan kasuwa, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ya sa an yaɓe tsaga, an shafa farar ƙasa, sa'an nan ya kira dillali. Wannan algus ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida uku. Na farko ɗan kaɗan ne wanda bai rage daraja ba, babu kome a kansa. Na biyu matsakaici, kamar tsagar da ba a tsoron gidan ya rushe saboda ita. Ba a warware ciniki, amma mai saye zai karɓi gwargwadon abin da aibin ya rage. Na uku mai yawa, wanda a zance mafi shahara ya kai sulusin ƙimar gidan. A nan mai saye yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Kuma cewa an sayar da gida "yadda yake" ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya yi shiru. Shaihu Halilu ya wajabta a bayyana aibi dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, tun kafin a sa wa gida kuɗi, nemo magini amintacce ya duba harsashi da rufi da indararo da rijiya da masai. Ladansa kaɗan ne in an gwada da zuwa gaban alƙali. Abin da ya gano, ko ka gyara shi gyara na gaskiya, ko ka faɗa a gaban shaidu a rubuta cikin takardar ciniki. Watakila kuɗin ya ragu, amma albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa.

Allah Shi ne Mafi sani.