Gargaɗi: akwai kalmar sirrin da ba kai ka sa ba, kuma ba za ka iya canza ta ba

Duk mai kula da intanet a otal, makaranta, asibiti ko ofis, ya ɗaga kai ya dubi farin akwatin nan da ke maƙale a silin yana ƙyafta wuta. In Aruba Instant On ne, a duba shi yau ɗin nan.

A watan Yulin 2025 kamfanin HPE ya sanar cewa na'urorinsa na raba Wi-Fi na wannan jeri, masu manhaja 3.2.0.1 ko wadda ta gabace ta, suna ɗauke da bayanan shiga da aka dasa cikin manhajar tun daga masana'anta. Duk wanda ya san su zai shiga shafin sarrafa na'urar da cikakken ikon mai gida, ya sauya saiti, ya sa ido kan abin da ke wucewa. Lambar matsalar CVE-2025-37103, haɗarinta kuma 9.8 cikin 10. Maganinta ɗaya ne: a ɗaga manhajar zuwa 3.2.1.0 ko sama da haka.

Wani zai ce ai ya canza kalmar sirrinsa tun ranar da aka kafa na'urar. Ya kyauta, amma wannan daban ce da "admin" ɗin da ake liƙawa a bayan rauta. Tana binne cikin manhajar, iri ɗaya a kowace na'ura da aka sayar ko'ina a duniya. Kamar magini ne ya gina wa unguwa gidaje, ya bar wa kowanne ƙaramar ƙofa ta baya da mabuɗi guda ke buɗewa. Sauya kwaɗon zaure ba ya rufe ta, maido da na'urar saitinta na asali ma haka.

Kuma asirin ba ya daɗewa a rufe. A ƙarshen 2020 wani mai bincike a Holan, Niels Teusink, ya tono wani asusu mai suna zyfwp a manhajar 4.60 ta na'urorin tsaro na Zyxel, kalmar sirrinsa a rubuce ƙarara. An ƙiyasta na'urori fiye da 100,000 ne ke fuskantar intanet. Cikin 'yan makonni masu kutse suka fara bi suna ƙwanƙwasa ƙofa. A ganina babu uzurin da kamfani zai kawo a kan irin wannan sakaci, amma ɗaukar mataki yanzu a wuyanmu yake.

Don haka a rubuta sunan kowace na'ura da lambar manhajarta, a gwada da sanarwar tsaro a shafin kamfanin, a sauke sabuntawa daga can kaɗai. A rufe damar sarrafa na'urar daga waje, a kashe Telnet, SSH ma in ba a amfani da shi. Bayan sabuntawa a binciki jerin asusu. In an ga baƙon suna a goge, a canza duk kalmomin sirri.

Masu sayen na gwanjo, ku yi hattara sosai. A 2024 an gano asusu marar kalmar sirri a akwatunan ajiyar bayanai na D-Link irin su DNS-320L da DNS-325, kamfanin kuma ya ce ba zai gyara ba, domin ya daina kula da su. Mai irin wannan ya kwashe bayanansa, ya zare wayarta daga intanet, ya nemi wata.