Gurbin Gasar Ƙwallon Kwando ta Duniya Ba Kyauta Ba Ne

A watan Yulin 2021, 'yan wasan ƙwallon kwando na Najeriya, D'Tigers, sun doke Amurka da ci 90 da 87 a birnin Las Vegas. Duniya ta ɗauka, har wasu suka ɗauka cewa daga ranar Najeriya ta mallaki kujera a kowace babbar gasa. Da aka zo gasar cin kofin duniya ta 2023, wadda Jamus ta lashe, babu Najeriya a ciki. Wasan Las Vegas na sada zumunci ne, ko maki ɗaya ba ya bayarwa.

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ƙasashe 32 take karɓa a gasar maza, kuma rabon Afirka gurbi biyar ne kacal. A zagayen neman gurbin 2023, ƙasashe 16 aka raba rukuni huɗu, uku na saman kowane rukuni suka wuce. Sha biyun nan aka sake kasa su gida biyu. Na ɗaya da na biyu a kowane gida, da wadda ta fi ƙoƙari cikin masu matsayi na uku, su suka samu tikiti. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, sakamakon zagayen farko yana bin ƙasa zuwa na biyu. Kashin da aka sha tun farko, ranar da babu wanda ya damu, shi kan dawo ya hana gurbi daga baya. Nasara maki biyu ce, shan kaye maki ɗaya, ƙin zuwa fili kuwa babu ko ɗaya.

Ana buga wasannin ne jefi-jefi cikin fiye da shekara guda, wasu a Nuwamba da Fabrairu, lokacin da gasar NBA ta Amurka ke tsaka da gudana. Taurarin da ake tinƙaho da su ba sa samun zuwa. Ƙasar da ba ta raini 'yan wasan gida ba, a nan asirinta ke tonuwa. Angola, Masar, Kodebuwa, Sudan ta Kudu da ƙasar tsibiran Cape Verde, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, su suka wakilci Afirka a 2023.

Olamfik ta fi tsauri, ƙasashe 12 ne kawai. Ƙasar Afirka da ta fi sauran 'yan uwanta matsayi a gasar duniya ita ke wucewa kai tsaye. Haka Sudan ta Kudu ta je Paris a 2024. Sauran sai gasar raba-gardama da ƙasashen wasu nahiyoyi.

Amma hasarar da ta fi ciwo ba a fili aka yi ta ba. 'Yan matan Najeriya, D'Tigress, sun samu gurbin gasar duniya ta 2022 a birnin Sidni da guminsu. A watan Mayun shekarar, gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa. FIBA ba ta jira ba, ta miƙa gurbin ga Mali. Kafin a janye matakin a watan Yuni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. 'Yan matan nan ne fa suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Olamfik ta 2024, abin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi a ƙwallon kwando.

Gasar duniya ta maza mai zuwa a Katar za a yi ta, a 2027. Mai son ganin tutar ƙasarsa a can, ya riƙa bibiyar wasannin share fage tun daga na farko, ya kuma tambayi shugabannin hukuma ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu, an kai su fili a kan lokaci.